Ina Kokon Safe Yake Tafiya? Amsoshin Tambayoyinku kan Abinci da Ƙarfin Jiki

Wasiƙun wannan karon daga Kumasi suka fi zuwa, kuma kusan dukkansu a kan ciki suke. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban trotro ne, wato motar haya ta fasinja, ina lodi a Kejetia. Kullum bayan sallar asuba nakan sha koko ƙulli biyu da sukari sosai, in haɗa da burodi. Amma kafin ƙarfe goma sai yunwa ta taso mini, hannuna ya riƙa karkarwa, gumi ya keto. Yaron motata da ke cin waakye, wato shinkafa da wake, yana kaiwa azahar garau. An ce mini tsutsar ciki ce ke cinye abincin. Haka ne? Daga wani direba, Asawase.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Da wuya a ce tsutsa ce, domin tsutsa ba ta bin agogo haka. In kana so hankalinka ya kwanta, gwajin bayan gida zai raba gardama. Amma lokacin da ka ambata, awa 3 zuwa 4 bayan karin kumallo, shi ya nuna mana inda gizo ke saƙa.

Mu bi kokon tun daga wurin mai damawa. Gero ne aka jiƙa, aka niƙa, aka tace, aka zubar da dusar. Abin da ya rage galibinsa sitaci ne da ya riga ya dahu ya yi laushi. Ba ka tauna shi, tumbi kuma ba ya riƙe abu mai ruwa-ruwa. Abinci mai nauyi, irin mai wake da kifi da mai, yakan yi awa 3 zuwa 4 kafin ya gama barin tumbi, shi kuwa koko mafi yawansa ya wuce cikin awa ɗaya zuwa biyu. Daga nan sai ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, inda ainihin aikin narkewa yake. Fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, tana zubo ruwan da ke farfasa sitaci har ya koma gulukos, wato sukarin da jiki ke ƙonawa. Bangon hanji ya tsotse shi ya miƙa wa jini.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, kuma gulukos ɗin da ke yawo a cikinsa kafin a karya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cokalin shayi ɗaya ke nan. Babban cokali ɗaya na sukari giram 12 ne. Idan mai koko ta zuba maka biyu a kowane ƙulli, ka sha giram 48 tun rana ba ta fito ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini guda, in da hali ma ya tsaya a 25. Ƙara da sitacin kokon da na burodin, sun haura giram 100, kuma duk a lokaci ɗaya suke kwararowa. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya sukarin jininka ya hau sama. Fankiriyas ta sako insulin da yawa don ya tura shi cikin tsoka da hanta da kitse. A jikin wasu mutane insulin ɗin yakan yi aikin da ya zarce buƙata, sai sukarin ya faɗo da sauri, jiki ya saki sinadarin firgici don ya ɗago shi. Shi ke kawo karkarwa da gumi da bugun zuciya.

Koko da sukari wutar kara ce, waakyen yaronka kuwa gawayi. Wake yana da furotin da faiba, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya iya narkarwa. Idan furotin da mai suka isa farkon hanji, hanjin yakan aika wa tumbi saƙo ya rage sako abinci, saboda haka gulukos ke shiga jini kaɗan-kaɗan har zuwa azahar.

Ba mu ce ka bar koko ba. Ka mai da shi ƙulli ɗaya, sukari cokalin shayi ɗaya ko biyu. Ka ajiye burodin ka ɗauki ƙosai huɗu ko biyar, ko dafaffen ƙwai mai furotin giram 6, ko soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu, wadda giram 30 nata ke ba da furotin kusan giram 7. Pinkaso da fanke ba za su maye gurbin ƙosai ba, fulawa ce aka soya. Ka gwada mako guda ka gani.

Sai dai muna roƙonka da abu biyu, tunda rayukan mutane ne a bayanka. Na farko, ka je a auna sukarinka da safe kafin ka sa komai a baki, bayan aƙalla awa 8 ba ci. Idan na'ura ta nuna 6.1 zuwa 6.9 gargaɗi ne, idan ta kai 7.0 ko fiye a gwaji biyu ciwon sukari ne. Irin wannan faɗuwar bayan cin abinci takan zama alamar farko ga wasu. Na biyu, idan dama kana shan maganin ciwon sukari irin su glibenclamide ko kana allurar insulin, karkarwar nan ba ta jira. Ka faka mota nan take, ka sha sukari giram 15, wato cokalin shayi huɗu a ruwa, ka jira minti 15, sannan ka ci abinci. Ƙasa da 3.9 a na'ura haɗari ne ga mai riƙe da sitiyari.

Tambaya: Ina sayar da atamfa, wuni nake a zaune a shago. Na daina cin nama mai kitse, sau biyu kawai nake cin abinci a rana, amma teɓa sai ƙaruwa take. Wata ƙawata ta kawo mini shayin rage ƙiba, in na sha sai in yi ta zagayawa. In ci gaba? Daga wata Hajiya, Alabar.

Amsa: Hajiya, ki ajiye shayin nan. Yawancin irinsu filasko ne a ciki, kuma aikin filasko a babban hanji yake. Kafin abinci ya kai can, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kusan duk ƙarfin da ke cikinsa. Abin da kike zubarwa a bayi ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam wanda zuciya ke buƙata don bugawa daidai. Sikeli zai nuna kin ragu da kilo ɗaya, ki sha ruwa ya dawo, kitsen yana nan inda yake.

Da kalori ake auna ƙarfin abinci. Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, na furotin ma 4, na mai 9. Mace mai nauyin kilo 70 da ta manyanta, ko kwance ta wuni jikinta zai ƙona wajen kalori 1,300 zuwa 1,400 don numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki da aikin hanta da ƙoda. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. In aka haɗa da ɗan motsin mai zaman shago, buƙatarki a yini ba ta wuce 1,800 zuwa 2,000 ba. Abin da ya yi rara, jiki yakan fara ajiye shi a hanta, wadda ke ɗaukar kimanin giram 100 na gulukos, da tsoka mai ɗaukar giram 300 zuwa 400. Waɗannan ma'ajiyai ƙanana ne, kuma ga wanda ba ya motsi kusan kullum a cike suke. Ma'ajiyar da ba ta cika ita ce kitse. Muddin sitaci na shigowa da yawa, shi jiki zai riƙa ƙonawa, man da kika ci tare da shi kuma ya wuce ajiya kai tsaye.

Yawan lokutan ci ba shi ne ma'auni ba, abin da ke cikin ganyen shi ne. Mu buɗe ƙunshin waakye irin wanda ake kai wa 'yan kasuwa da hantsi, mu yi kiyasi. Shinkafa da wake giram 400, wajen kalori 500. Taliya a kai, 150. Garin rogo da aka murza da mai, 100 ko fiye. Miya mai man da ke kwanciya a gefe, a ce babban cokali biyu, 240, domin kowane cokali na mai kalori 120 ne, manja ne ko man gyaɗa ko na gora, duk ɗaya. Shito cokali guda, kusan 80. Ƙwai 75. Ba a sa soyayyar agada ba an riga an haura 1,100. Idan aka kora da lemon kwalba na kola mai rabin lita, sukarinsa giram 53 ne, kalori 210. Da dare kuma ga banku biyu ko malmalar tuwo da miyar gyaɗa. Kin ga an wuce 2,000 ba tare da tsokar nama mai kitse ko ɗaya ba. Sobolo da lamurji da burkina ma a sa su a lissafi, don masu sayarwa ba sa ƙyashin sukari, kuma abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna.

Gyaran da muke ganin ya fi ɗorewa shi ne sitaci ɗaya a ci ɗaya. In waakye ne, ban da taliya da gari. In tuwo ne ko fufu, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki. Rabin kwano ya zama ganye da kayan lambu: kontomire, ayoyo, kuɓewa, yalo, kabeji, alayyafo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini. A gida, a daina tsiyaya mai daga gora kai tsaye cikin tukunya, a riƙa aunawa da cokali, wannan kaɗai yakan rage ɗaruruwan kalori a tukunyar iyali. Kifi, wake da ƙwai kada a rage su, su ke riƙe tsoka yayin da kitse ke zubewa.

Kilo ɗaya na kitsen jiki kimanin kalori 7,700 ne. Idan kika rage 500 a kullum, za ki sauke wajen rabin kilo a mako a farko, daga baya saurin ya ragu saboda ƙaramin jiki ba ya ci da yawa. Tafiya da sauri ta minti 30 tana ƙona kusan 140 kawai, ba ta kai lemon kwalba ɗaya ba, amma kada ki raina ta, domin tana sa tsoka ta riƙa jin maganar insulin. Ki nemi minti 150 a mako. Tef ɗin awon atamfarki kuma ya fi sikeli faɗa miki gaskiya: ki zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan kin fitar da numfashi. Ga mace, sama da santimita 80 alama ce ta kitsen da ke kewaye da hanta da hanji, ga namiji 94. Irin wannan kitsen ne ke jawo ciwon sukari da hawan jini.

Tambaya: Duk ranar da na ci wake sai cikina ya kumbura, iska ta dame ni a aji. Akwai dabara? Daga wata ɗaliba, Aboabo.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. A cikin wake akwai wasu nau'o'in sukari da hanjin ɗan Adam ba shi da abin farfasa su. Sukan wuce har babban hanji, ƙwayoyin bakteriya masu zama a can su ci, su fitar da iska. Ba cuta ba ce. Ki jiƙa waken awa 8 zuwa 12, ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗauraye, ki dafa da sabon ruwa har ya yi lugub, don waɗannan sukarin suna narkewa a ruwa. Ƙosai da tubani da alale da aka surfe waken sukan fi sauƙi ga wasu. Ki fara da ludayi ɗaya a kai a kai maimakon kwano guda sau ɗaya a mako, cikin mako biyu zuwa uku hanji yakan saba. Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, amma tana lalata bitamin B1, in an jiƙa waken ɗan ƙanƙane ya isa. Idan kumburin ya zo da rama, ko jini a bayan gida, ko gudawa da ta wuce mako biyu, wannan ba na wake ba ne, ki ga likita.

Tambaya: Ina koyon kanikanci. Ƙirjina da saman cikina suna yi mini zafi, musamman da dare. An ce olsa ce saboda zama da yunwa da cin yaji. Ina shan madara da jiƙon kanwa, yana lafawa ya dawo. Kullum kuma ina shan maganin ciwon jiki bayan aiki. Daga wani matashi, Suame Magazine.

Amsa: Ɗan'uwa, jimlarka ta ƙarshe ita ta fi tayar mana da hankali. Ka duba kwalin maganin. In ka ga an rubuta diclofenac, ibuprofen ko aspirin, ka dakatar da shi yau. Tumbi yana fitar da ruwa mai tsamin gaske don narkar da nama da kashe ƙwayoyin cuta, kuma abin da ke hana ruwan cin tumbin kansa wata majina ce da ta lulluɓe bangonsa. Magungunan nan suna rage ta. Paracetamol ba ya yin wannan ɓarnar, amma kada babba ya wuce giram 4 a yini.

Babban sanadi na biyu wata ƙwayar bakteriya ce, Helicobacter pylori, da ke zama a ƙarƙashin majinar. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙarta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Yunwa da yaji suna tayar da zafin gyambon da ya riga ya samu, ba su ke haƙa shi ba. Madara takan sanyaya na ɗan lokaci, sannan furotin da kalsiyam ɗinta su sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsami. Jiƙon kanwa ma sauƙin minti kaɗan ne, ga kumburi, ga gishirin da ke ɗaga hawan jini.

Ka je asibiti a yi maka gwajin ƙwayar, ta bayan gida ko ta numfashi. Ka gaya musu in kana shan omeprazole, maganin rage tsamin tumbi, don ana so a tsayar da shi mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba sakamako zai iya ɓoye ƙwayar. Idan an same ta, maganin haɗi ne na masu kashe bakteriya aƙalla biyu da mai rage tsami, na kwana 10 zuwa 14. Inda aka fi samun matsala shi ne mutum ya ji sauƙi a kwana na biyar ya watsar, sai ƙwayar ta dawo ta ƙi jin magani. Bayan mako huɗu da gamawa a sake gwaji. Zafin ƙirji da dare kuma yakan zama ƙwarnafi: ka bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya, ka ɗaga kan gadonka da bulo kamar santimita 15. In ka ga baƙin kashi mai kama da kwalta, ko aman jini, ko ciwo mai tsanani ya turnuƙe ka farat ɗaya, kada ka kwana a gida, ka nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa.

Tambaya: Ina azumin Litinin da Alhamis. Daga ina jiki ke samun ƙarfi da rana, kuma me ya sa kaina ke ciwo da la'asar? Daga wani dattijo, Tafo Zongo.

Amsa: Baba, Allah ya karɓa. Azumi a Kumasi awa 13 zuwa 14 ne. Awannin farko abincin sahur ke riƙe da kai. Daga nan hanta ta fara sakin gulukos ɗin da ta ajiye, kitse kuma ya riƙa narkewa yana ciyar da tsoka da zuciya don a bar wa ƙwaƙwalwa sukarin. Ajiyar hanta takan kai mai lafiya har magariba. Ciwon kan la'asar galibi na ƙarancin ruwa ne, ko na rashin shayi da goro ga wanda ya saba. Ka sha fiya wata huɗu, lita 2 ke nan, a rarrabe tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ka haɗa su a zama ɗaya. Sahur ya ƙunshi wake, ƙwai ko nono. In kana shan maganin sukari, na hawan jini mai sa fitsari, ko kana da ciwon ƙoda, likitanka ya tsara maka lokutan shan maganin kafin ka ɗauki azumi.

Tambaya: Maiɗakina na da juna biyu wata biyar, a wurin awo an ce jininta 9.8. Ƙwayar da aka ba ta tana sa ta tashin zuciya, sai ta koma shan malt da madara, da tumatirin gwangwani a lemo. Tana son shayi sosai, tana kuma cin farar ƙasa. Daga wani magidanci, Sawaba.

Amsa: Malam, ka kyauta da ka tambaya. Mai ciki ana so jininta ya kai 11, saboda haka 9.8 ƙarancin jini ne da ke buƙatar magani, kuma watannin da suka rage sun isa a gyara shi kafin haihuwa. Jan jini da sinadarin ƙarfe ake gina shi, shi ke ɗaukar iskar numfashi zuwa gaɓoɓi, shi ya sa mai ƙarancinsa ke haki da kasala. Malt da madara ba su da ƙarfen kirki, sukari ne ya fi yawa, kalsiyam ɗin madara ma yana tare hanyar ƙarfen a hanji. Jan launin abin sha ba ya nufin zai zama jini.

Ƙarfen da ke cikin nama da kifi jiki yana tsotsar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari nasa. Na wake da ganye sau da yawa ba ya kai kashi 10, sai an taimaka masa da bitamin C: lemu, gwaiba, abarba ko ɗanyen tumatir a lokacin cin abincin. Kofin shayi tare da abinci yana iya rage abin da za a tsotsa da fiye da rabi, don haka ta bar aƙalla awa ɗaya, in da hali biyu, tsakanin shayi da abinci ko ƙwayar. Farar ƙasa tana riƙe ƙarfe a hanji ta fita da shi, kuma kwaɗayinta kansa alama ce ta ƙarancin ƙarfen, yakan ragu idan jini ya dawo. Hanta tana da ƙarfe sosai, amma bitamin A ɗinta ya yi wa ɗan tayi yawa, kada ta mai da ita abincin kullum.

Abinci kaɗai ba zai cike giɓin ba a wannan matakin, dole ta koma kan ƙwayar ƙarfe da folik asid. Ta gwada shanta da dare bayan ɗan abinci mara nauyi, da ruwa ko ruwan lemu. Bayan gida zai yi duhu, wannan ba abin tsoro ba ne, in ya yi tauri ta ƙara ruwa da ganye. Idan tashin zuciyar ya ƙi, ta gaya wa ungozomar asibiti a canza mata nau'i ko tsarin sha. A sake auna jinin bayan mako huɗu, ana sa ran ya ƙaru da kamar maki ɗaya. In bai motsa ba, a bincika zazzabin cizon sauro, tsutsar hanji da sikila. Ta riƙa karɓar maganin kariyar zazzabi da ake bayarwa a wurin awo, ta kwana cikin gidan sauro, ta kuma ci gaba da ƙwayar ƙarfen wata uku bayan jinin ya daidaita, don a cike ajiyar da jego zai ci.